Gida Na Arba'in da Bakwai

Shafi na 19

Ga wanda ya riske mu a tsakiyar hanya: Sada ɗan Ikara da Ilisha ɗan Kudancin Zariya ɗalibai ne masu digiri, suna kwas ɗin gudanar da mulki a Zariya. Makarantarsu ta haɗa su da wata ƙungiyar taimakon juna ta manoman rake, domin su binciko mata yadda ake rabon fadama a Rafin Kanya, wani ƙauye tsakanin Hunkuyi da Makarfi. Sun yi wa duk wanda suka zanta da shi alkawarin ba za a ga sunansa a takarda ba. Kwana tara ke nan da suka miƙa wa ƙungiyar rahotonsu.

Ranar Laraba, goma ga Maris na 1965, a makon farko na Zulƙida, suka hau babur ɗin da ƙungiya ta ara musu, suka nufi Rafin Kanya da hantsi. Ba wani aiki ne ya kai su ba, godiya ce da ban kwana. Sada ya ɗaure ƙunshin goro a bayan babur domin mai masaukinsu, Malam Ya'u, dattijon da ya ba su ɗaki a gidansa tsawon watan azumi.

Tun daga bakin fadama suka ga abin da bai kwanta musu ba. A injin matse rake na farko, inda kullum ake tare su da tsokana da tayin mazarƙwaila mai ɗumi, aiki ake yi kamar yadda aka saba. Doki yana zagaye, ruwan rake yana tafasa a kasko. Amma cikin mutum shida da ke wurin babu wanda ya ɗago kai. Sada ya yi sallama sau biyu. Wani dattijo ya amsa a gajarce, don ita sallama ba a barinta a ƙasa, sannan ya juya baya ya ci gaba da kwashe kumfa.

Ilisha ya ce ko rasuwa aka yi. Sada ya ce da rasuwa ce, ai da an gaya musu su yi ta'aziyya.

Da suka shiga gari sai suka tarar da wani magidanci a kan turmi a ƙofar zaurensa, yana shafa ɗanyar laka a saman ƙofa. Suka wuce gida uku, suka ga wani zauren da sabon yaɓe a daidai wannan wuri. Ba yaɓen shirin damina ba ne, domin faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Kuma ba kowane gida ba ne. Ɗaya a nan, biyu a can.

Ilisha ya dafa kafaɗar Sada.

"Tsaya."

"Lafiya?"

"Dubi abin da suke rufewa."

Sada ya kashe babur. Ya dubi zauren da aka yaɓe, ya dubi na kusa da shi wanda ba a taɓa ba. A saman ƙofar wancan akwai lamba da shuɗin fenti, ashirin da uku.

Lambobin nan na ƙidayar Nuwamban 1963 ne. Malaman ƙidaya suka bi gari gida-gida suka rubuta su, daminar 1964 kuwa ba ta wanke su ba. Lokacin da ɗaliban nan biyu suka fara aiki a watan Janairu, ƙa'idar da malaminsu ya koya musu ita ce a ba kowane mai magana lamba a madadin sunansa, a rubuta jerin sunaye da lambobin a takarda dabam, a kulle a akwati. Sada ne ya ce wannan takarda ita ce haɗarin. Ana iya sace ta, ana iya ƙwace ta a hanya, musamman a irin lokacin, zaɓen Disamba bai huce ba. Ya ce tun da kowane gida yana da lambarsa a ƙofa, su yi amfani da ita kawai. Za su iya komawa duk gidan da suke so ba tare da sun rubuta sunan kowa ba, kuma babu wani jeri da zai faɗa hannun wani.

Ilisha ya yaba da dabarar ƙwarai. Har a gabatarwar rahoton suka rubuta, cikin jin daɗi, cewa babu jerin sunaye a ko'ina. Ba su lura ba cewa jerin da suke gudun rubutawa a takarda yana nan rubuce a bangon gari, kowa yana wucewa ta ƙarƙashinsa safe da yamma.

Ilisha ya fara lissafa zaurukan da aka yaɓe a hankali. Na tara. Na sha huɗu. Na ashirin da biyu. Duka gidajen da suka kawo maganarsu a rahoton ne.

Ba su sake tayar da babur ba. Tura shi suka yi har ƙofar gidan Malam Ya'u.

Lambarsa tana nan yadda take, arba'in da bakwai, ba a taɓa ta ba.

Suka same shi a zaure yana tufkar igiya. Ya amsa sallamarsu cikakkiya, ya shimfiɗa musu tabarma da hannunsa. Ya tambaye su hanya, da gajiya, da karatu, da lafiyar Baturen da ke koya musu, da mutanen Ikara, da iyayen Ilisha. Bai tsallake ko ɗaya ba. Wannan cikar gaisuwar ta fi tsorata Sada a kan juya bayan da aka yi musu a fadama.

Sai da ya gama sannan ya ajiye igiyar ya ba su labari, muryarsa ba hawa ba sauka.

Ranar Asabar sakataren ƙungiya ya kawo wa Dagaci kwafin rahoton. Ba da mugun nufi ba ne, al'adar ƙungiyar ce: Dagaci shi ne uban ƙungiya a ƙauyensa, ba a karanta takardar da ta shafi garinsa a taro sai ya fara gani. Da a Turanci kaɗai take, da ta kwana a ƙarƙashin buzu har gara ta cinye ta. Amma Sada ya fassara ta da Hausa, don manoma su amfana. Ranar Lahadi bayan la'asar, Malam Tanko, malamin Dagaci, ya karanta ta a ƙofar fada jama'a suna saurare.

Da farko daɗi aka ji. An ji faɗin kowace fadama, da yawan rijiyoyi, da shawarar a gyara mashigin rafi. Har ana cewa yaran nan sun yi aiki. Sai Malam Tanko ya kai inda aka ce gida na tara ya koka da yadda ake tare masa ruwa. Wani ya yi dariya ya ce ai gida na tara na Bobbo ne, ga shi can zaune. Kowa ya waiwaya. Daga nan babu wanda ya sake dariya. Dagaci ya ce a ci gaba da karatu.

Ranar Litinin Malam Tanko ya zaga gari da takardar a hannu, yana ɗaga kai a kowace ƙofa. Ranar Talata mutane suka fara yaɓe. Dagaci ya aiko cewa shi bai hana kowa gyaran gidansa ba, hasali ma duk wanda ya yaɓe ya rage wa Malam Tanko tafiya.

"Kai ba ka yaɓe taka ba, Baba," in ji Ilisha.

"Laka tana rufe fenti, ɗana. Ba ta rufe abin da gari ya riga ya ji."

Ya ce sauran duk ƙananan ƙorafe-ƙorafe ne, na ruwa da burtali. Sun je sun durƙusa, an yi musu faɗa, an ce su tashi. Amma maganar gida na arba'in da bakwai shafi ɗaya da rabi ce. A ciki aka lissafa fadamu bakwai da aka karɓe bayan zaɓe daga hannun waɗanda ake zargin sun jefa ƙuri'a a akwatin 'yan hamayya, aka kuma faɗi waɗanda aka ba, har da surukin Dagaci.

Ya dubi Sada sosai a karo na farko.

"Malam Sada, sau nawa na tambaye ka kafin in buɗe baki?"

"Sau uku, Baba."

"Me ka ce da ni?"

"Na ce ko Gwamna ba zai san wanda ya faɗa ba."

"To, ba ka yi ƙarya ba. Gwamna bai sani ba. Maƙwabcina ne ya sani."

Sada ya so ya yi bayanin yadda abin ya faru, ya fara da maganar takardar da suka ƙi rubutawa don kada a sace. Malam Ya'u ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce ya gane, sun ƙi ajiye hatsi a ɗaki don gudun ɓarawo, sai suka shanya hatsin a kasuwa. Ya ce shi bai yi karatun boko ba, amma da sun tambaye shi da ya gaya musu cewa har masu tallan fura sun haddace lambobin nan, da su ake yi musu kwatance.

Daga cikin gida Hajo, matarsa, ta turo ƙwaryar ruwa ta bakin ƙofa ba ta gaishe su ba. Ta tsaya a bayan bango ta ce, ba da ƙarfi ba, wata guda tana tuƙa musu tuwo, har shi mai azumin dole tana ɓoye masa ɗumame da rana, ba ta san da wuƙa suka zo ba. Malam Ya'u ya ce ta koma ciki. Ilisha, wanda shi ake yi wa wannan laƙabi a gidan, ya kasa taɓa ruwan.

Abin da ke gaba a fili yake. Dagaci ya riga ya aika Makarfi, an turo ɗan doka tun da safe. Za a kai Malam Ya'u gaban alƙali da laifin ɓata sunan basarake da tayar da hankalin jama'a, abin da a wancan zamani ba ya gaza wata shida a gidan yari. Shi kuwa ya haura sittin, ga tarin da ke damunsa tun bara. Rakensa rabi ba a sare ba. Fadamar da mai ita ba ya nan kuma, a hannun Dagaci take komawa.

Ilisha ya ce su ɗauke shi a babur yanzu-yanzu su kai shi Zariya. Malam Ya'u ya ce in ya bar gari da azahar, kafin la'asar an raba fadamarsa, kuma wanda ya gudu ya yanke wa kansa hukunci. Sada ya ce to shi zai koma ya zo da malaminsu, ko da wasiƙa daga makaranta. Dattijon ya ce Zariya da dawowa sai gobe, shi kuwa bayan azahar aka kira shi. Ya ƙara da cewa ƙarar babur ɗinsu ta riga su isa fada.

Bai rufe baki ba wani bafade ya yi sallama. Ya ce Dagaci yana yi wa baƙi maraba, yana kuma roƙon su zo tare da mai masaukinsu in an idar da salla.

A hanyar fada Malam Ya'u yana gaba da sandarsa, su biyu suna baya. Sada ya rage murya ya yi wa Ilisha magana da Turanci don kada masu binsu su ji. Ya ce zai tashi ya ce shi ya ƙirƙiri maganar gida na arba'in da bakwai, Malam Ya'u bai faɗa ba.

Ilisha ya tuna masa abin da hakan ke nufi. Ɗalibin da ya amsa cewa ya ƙirƙiri shaida a bincike, makaranta ba za ta riƙe shi ba. Aikin mataimakin jami'in mulki da ke jiransa a watan Yuli ya tafi. Kuma laifin da ake nema a ɗora wa dattijon, kansa zai dawo.

"Ni na kawo dabarar," in ji Sada. "Abu ɗaya nake roƙonka. Ka yi shiru."

Ilisha ya ci gaba da tafiya yana kallon bayan dattijon.

Ƙofar fada ta cika. Duk wanda ke iya barin injinsa ya bari. Dagaci yana zaune a kan kujerarsa ƙarƙashin ceɗiya, mutum ne siriri mai sanyin magana, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. A damansa Malam Tanko da takardu a cinya. A hagu, jingine da kekensa, ga ɗan doka, ankwa tana rataye a ɗamararsa.

Suka cire takalma suka faɗi suka yi gaisuwa. Dagaci ya amsa da fara'a, ya kira su manyan gobe. Ya ce ya ji daɗin aikinsu, bai taɓa sanin yawan rijiyoyin garinsa ba sai da suka zo suka gaya masa. Wasu fadawa suka yi 'yar dariya. Ya ce shafi ɗaya da rabi ne kawai ya ɗaure masa kai, shi ya sa ya ce bari masu ilmi su zo su warware.

Malam Tanko ya sake karanta shafin daga farko. Yana karatun a hankali, irin na wanda ya koya da girma a ajin yaƙi da jahilci, yana tsayawa a kan kowane suna. Duk fadamar da ya ambata, sai a ga wani a cikin taro ya sunkuyar da kai.

"Ya'u."

"Ranka ya daɗe."

"Gida na arba'in da bakwai na wane ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Maganar fa?"

Kafin dattijon ya buɗe baki Sada ya matso gaba a durƙushe ya nemi izinin magana. Ya ce Malam Ya'u bai faɗi komai ba sai zancen rijiya da tsutsar rake. Ya ce sauran duk jita-jita ce da ya tsinta a kasuwar Hunkuyi. Ya ga rahotonsa ba shi da abin da zai burge malaminsa, sai ya haɗa ta ya mai da ta maganar mutum ɗaya, ya laƙa mata lambar gidan da ya fi sani. Ya ce laifin nasa ne shi kaɗai, a yi masa abin da ya dace.

Taro ya ɗauki guna-guni. Malam Ya'u ya juyo ya dube shi.

Dagaci ya jinjina kai kamar mai tausayi. Ya tambayi Sada yadda aka yi ɗan Ikara ya san iyakokin fadamu bakwai dalla-dalla daga hirar kasuwa. Sada ya ce shi ya auna su da igiyar awo, yana da zanensu. Ya tambaye shi ko ya san abin da makarantarsu za ta yi masa in ta ji. Ya ce ya sani. Ya tambaye shi ko mahaifinsa yana da rai. Ya ce yana da rai.

"Allah ya ba shi haƙuri," in ji Dagaci.

Ya shiga jan carbi. Sada ya ga ɗan doka ya gyara tsayuwa ya daina kallon Malam Ya'u, ya koma kallonsa. Tsoro ne, amma tsoron da ya zaɓa wa kansa.

Sannan Dagaci ya ce shi ba alƙali ba ne, amma ya zauna kusa da malamai, ya san wanda ya yi iƙirari a kan kansa ba a neman rantsuwarsa. Don haka ya karɓi maganar Sada. Sai dai su biyu ne suka shiga gidajen mutane. Ya juya ga malaminsa ya tambaye shi yadda suke aikin. Malam Tanko ya ce duk gari ya sani, Malam Sada ne mai tambaya, ɗayan ne mai rubutu. Ko a zaure ko a gona, littafi yana hannunsa.

"Ashe kai ne mai alƙalami. Yaya sunan naka?"

"Ilisha, ranka ya daɗe."

"Ilisha. Matso kusa, ba na cin baƙo."

Ilisha ya matso.

Dagaci ya ce abin da yake so kaɗan ne. Ilisha ya rantse da Allahn da suke kira a majami'arsu cewa kunnensa bai taɓa jin wannan magana daga bakin Ya'u ba. In ya rantse, Ya'u ya tashi ya tafi gida ya sari rakensa, babu mai sake tayar da zancen, shi kuma abin da ya rage tsakaninsa ne da Malam Sada.

Nan Sada ya ji tsoron da bai ji irinsa ba tun safe. Shekara guda suna ɗaki ɗaya da Ilisha. Ya san shi ɗan mai bishara ne, ya san bai taɓa rantsuwa ba ko a kan gaskiya. Ya kuma san abin da ya fi wannan: ko uzurin makara a aji Ilisha bai iya ƙirƙira ba, har abokai suna ce masa ba zai yi nisa a aikin gwamnati ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Ilisha, "a tarbiyyar da aka yi mini, ba ma rantsuwa. Ko a kan gaskiya ba ma yi."

Wani bafade ya ce to ai shi ke nan, ƙin rantsuwa amsa ce. Sada ya yi sauri ya ce ba haka ba ne, shi shaida ne, haka addinin abokinsa yake, ko a gaban wa aka kai shi ba zai rantse ba, kada a ɗauki wannan a matsayin komai. Wasu dattawa suka goyi bayansa, suka ce sun san Kiristocin da ke aikin titi, da yawansu haka suke. Hayaniya ta fara tashi, kuma a cikin hayaniyar Sada ya hango wata 'yar ƙofa: in aka tsaya a nan, babu wanda ya tabbatar da komai.

Dagaci ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

Ya ce Allah ya kiyaye ya tilasta wa baƙo abin da addininsa ya hana. Ya janye maganar rantsuwa. Ya ce ya ji labarin irin su Ilisha, an ce dalilin da ya sa ba sa rantsuwa shi ne maganarsu ta yau da kullum ita ce rantsuwarsu. Ya tambaye shi ko haka ne.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Madalla. To faɗa da baki kawai. Ka ji wannan magana daga bakin Ya'u, ko ba ka ji ba?"

Ilisha ya sunkuyar da kai. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa zuwa ƙasa. Sada yana kallon gefen fuskarsa, yana roƙonsa da ido, shi kuwa ya ƙi waiwayowa. Kalma uku ce ake nema, ban ji ba. Sada yana faɗarsu a zuci, yana maimaitawa, kamar zai iya tura su bakin abokinsa.

Ilisha ya buɗe baki. Leɓɓansa suka haɗa farkon kalmar, murya ta ƙi fita. Ya sake gwadawa.

Sai Malam Ya'u ya yi magana, ba tare da ya nemi izini ba, a hankali kamar suna zaure su uku.

"Ɗana, kada ka sayar da lahirarka saboda fadamata. Faɗi abin da ka sani."

"Baba, ka bari," in ji Sada.

"Kai ma ka bari, Malam Sada. Na gode. Amma ban kai shekarun nan don yara su riƙa yin ƙarya a kaina ba."

Ilisha ya ɗago. Idanunsa sun yi ja. Ya dubi dattijon, sannan ya dubi Dagaci.

"Na ji, ranka ya daɗe. Ni na rubuta, kamar yadda ya faɗa."

Wata mata a bayan katanga ta fara salati a ƙasa-ƙasa.

Dagaci ya mai da carbinsa aljihu. Ya ce jama'a shaida ne, shi bai zagi kowa ba, bai doki kowa ba, tambaya kawai ya yi. Ya ce yanzu ga mutum biyu a gabansa: wanda ya ɓata masa suna a takarda, da wanda ya dube shi a ƙofar fadarsa ya shirga masa ƙarya. Ya juya ga ɗan doka ya tambaye shi ankwa nawa ya zo da ita.

"Guda ɗaya, ranka ya daɗe. Mutum ɗaya aka ce da ni."

"Ta isa," in ji Dagaci. "Ai baki biyu gare ta. Sa hannun Ya'u a ɗaya, na Malam Sada a ɗaya."